Bashin Turi

Shekarar da gwamnati ta biya ma'aikata ariyas, wadda har yau wasu tsofaffi ke tuna haihuwar 'ya'yansu da ita, Kano ta zama kamar an farke buhun kuɗi a tsakiyar kasuwa. Masinja ya sayi rediyo mai cin kaset, akawu ya sayi firji tun ba a ja masa wuta ba, malamin makaranta ya ɗinka malum-malum. Amma abin da ya fi cika gari shi ne sababbin babura 'yan Japan, ja da kore da shuɗi, wasu ba a ko cire musu ledar sirdi ba. Kukansu siriri ne kamar na sauro, kana taɓa su sun tashi. A wannan shekarar ce, da ruwan farko na damina, na sake hawa wani tsohon babur da na yi watsi da shi, kuma duk tuƙin da na yi a duniya babu wanda ya zauna mini a rai kamar na wannan yinin.

Ni a lokacin direba ne a wani gida a Nassarawa, unguwar da Turawa suka gina wa kansu suka bar wa manyan ma'aikata da attajirai. Yaran yanzu da suka san ta da dogayen katangu da shaguna da ƙarar janareto ba za su yarda da abin da zan faɗa ba. A da shingen gidajen na itatuwa ne, kana tafe a titi kana hango kujerun baranda. Maɗaci da darbejiya sun haɗe kai a sama har rana sai ta nemi hanya. Da hantsi babu abin da za ka ji sai kukan kurciya, da ƙarar almakashin mai gyaran furanni, da wani kuku can nesa yana kankare tukunya. In mota ta wuce, daga jin kukanta mun san ta gidan wane ce. Mu ma'aikatan gidajen, direbobi da masu gadi da kuku-kuku, yawancinmu 'yan ƙauye ne, muna kwana a baskwata, muna haɗuwa sallah a ƙarƙashin wani mangwaro da muka kewaye da duwatsu. Da ajami nake rubuta wannan, don shi na iya tun ina gaban malamina, jikana ne zai mayar da shi boko. In ya rage wani abu, shi da Allah.

Babur ɗin baƙi ne, ƙirar Ingila, mai nauyin ɗan maraƙi. Baturen da na fara yi wa aiki a gidan ne ya bar mini shi don cefane da zuwa gidan waya. Kukansa daga ƙirji yake fitowa, duf, duf, duf, kamar ana daka a babban turmi, kana kai kana jin bugun har cikin haƙarƙarinka. Aibinsa ɗaya ne: kik ɗinsa ya karye, aka nema a Sabon Gari har aka gaji ba a samu ba. Ba ya tashi sai da turi. Mai turin kuwa kullum mutum ɗaya ne, Baba Maigadi, wani dogon dattijo daga wani ƙauye can bayan Gezawa. Kowace safiya, bayan mun idar da lazimi, zai jingine gorarsa, ya tattare riga, ya dafa bayan babur mu bi hanyar ƙofa yana haki yana dariya. In ya kama sai ya ɗaga murya ya ce, "Bakatsine, ina bin ka bashin turi!" Ni kuma in waiwayo in ce, "Baba, wata rana har ƙofar gidanka zan kai ka a kansa!" Ya ce, "Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Allah ya kai mu." Haka muka yi shekaru, shi yana turi, ni ina alkawari, bai taɓa ɗora ƙafarsa a kai ba.

Sai aka zo shekarar da aka sauya hannun tuƙi, aka ce kowa ya bar hagu ya koma dama. A cikinta Baturen ya tafi gida, wani Alhaji ɗan kwangila ya karɓi gidan har da mu. Ya sayi doguwar mota mai sanyi a ciki, ya ɗinka mini fararen kaya, ya ce ni ne direbansa. Wanda ya saba da sanyin mota, yana murza makulli ta tashi, ina shi ina babur mai turi? Ga shi kuma 'yan uwana direbobi sun fara yi mini dariya, wai ina hawa injin niƙa. Na tura shi bayan kicin na lulluɓe da buhu, na ce sai an kwana biyu. Kwana biyun nan ya zama damina uku. Yohanna, kukun gidan, mutumin Zariya ne mai barkwanci, ya mayar da wurin akurkin kajinsa. Baba bai taɓa tuna mini da alkawari ba. Sai dai wani lokacin in na fito da mota yana buɗe mini ƙofa, nakan ga idonsa ya kai bayan kicin ya dawo.

Wata ranar da yamma, hadari ya gama zagaye gari, iska tana kawo ƙamshin ƙasa, sai ga wani mutumin ƙauyen su Baba a kan keke, ƙafafunsa duk laka. Ya kawo saƙo. Ruwan shuka ya sauka a can, kowa ya fita gona. Gonar da Baba ke nomawa kuwa ta aro ce, don tasa ta gado ta tafi a shekarar fari, lokacin da aka sayar da ita aka sayi hatsi. Al'adar aron gona a wajensu ita ce, mai gona ba ya neman komai sai ɗan dami in an yi girbi, amma ba ya yarda ruwan shuka ya wuce gonarsa tana kwance. Bara Baba ya makara, mai gona ya yi haƙuri. Bana ya ce in rana ta faɗi gobe ba a ga saran Baba a cikinta ba, zai ba wani, don masu so suna da yawa. Daga gonar nan matar Baba da jikokinsa marayu suke ci, kuma ita yake sa rai zai koma wa in ya ajiye gorar gadi.

Baba ya zauna a kan bencinsa. Mota ba ta shiga ƙauyensu sai ranar kasuwa, kasuwar kuwa ta ci jiya. Gwiwarsa ta dama ta riga ta fara ciwo, tafiyar ƙasa daga bakin titi ta fi ƙarfinsa, ɗan saƙon kuma kekensa ba ya ɗaukar mutum biyu a laka. Alhaji yana Ikko, makullin mota yana aljihuna. Na zaro shi na nuna wa Baba. Ya girgiza kai ya ce, "Mayar. Ni da aka ba amanar ƙofa, ni zan buɗe ta a fita da abin da mai shi bai sani ba? Gara gonar ta tafi."

Yohanna yana tsaye da ludayi a hannu. Tsakaninsa da Baba akwai wasan Kanawa da Zage-zagi, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba. Ya ce, "Kai dai Bakano, ko kuka zai yi sai ya nemi ragi. Ga doki can a bayan kicin, kajina sun yi masa kwanci shekara da shekaru, ƙila ma ya kusa ƙyanƙyashewa."

Baba ya ce, "Rufe mana baki, bawana. Wannan ai ya mutu."

Ni kuwa maganar ta faɗa mini a ƙirji. Na ce, "Baba, ba a yi masa sallah ba tukuna."

Da gari ya waye muka yaye buhun. Kaji suka watse suna kyarkyara, Yohanna yana tsince ƙwai daga ƙarƙashin sirdi yana cewa a biya shi kuɗin haya. Tayoyi sun kwanta, sarƙa ta yi tsatsa, kashin kaji ya rufe tanki. Na ɗebo ruwa da tsumma na fara wankewa, sai ga rubutun da na yi da farin fenti a kan madigadin baya tun ina saurayi, da ajami: sannu ba ta hana zuwa. Wallahi da na gan shi sai na ji kamar na haɗu da abokin ƙuruciya a tasha. Hajiya, uwargidan Alhaji, ta leƙo ta taga ta tambayi abin da ake yi. Da ta ji, ta ce in zuƙi mai a motar, ita za ta gaya wa Alhaji da bakinta, ta kuma ba ni yinin har da kwana. Na cire tayoyi na kai wa mai faci, na wanke kafireto da fetur a cikin kwanon sha, na kankare fulogi, na jiƙa sarƙa da baƙin mai. Hannuwana da suka saba da sitiyari mai laushi suka yi baƙi ƙirin, fararen kayana suka tashi daga aiki, ni kuwa sai waƙa nake yi ƙasa-ƙasa ban ma sani ba.

Wajen azahar muka fara turi. Yohanna da mai gyaran furannin maƙwabta suka tura har ƙofa, shiru. Suka dawo da shi suka sake, ya yi tari ya yi shiru. Yohanna ya zube a ciyawa yana cewa shi kuku ne, ba jaki ba. Baba yana kallo daga benci, can sai ya miƙe, ya jingine gora, ya tattare riga kamar yadda ya saba. Na ce, "Baba, gwiwarka." Ya ce, "Bai san hannun Zage-zagi ba, nawa ya sani." Ya dafa, ya yi bisimilla, suka taya shi. Na saki kuloci. Sai ji muka yi ɗam, kamar an harba bindigar toka, wani curin laka ya yi tsalle daga salansa ya bugi Yohanna a ƙauri. Ashe zanzaro ne ya yi gini a ciki ya toshe ta. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, sannan muryar nan ta fito, duf, duf, duf. Masu gadin layin duka suka fito. Na ji bugun ya bi ta cinyoyina ya hau har ƙeya, na tuna ashe haka yake, ashe abin da na rufe da buhu ke nan.

Muka yi sallah a gurguje babur yana tsaye yana bugawa, don ba mu yarda mu kashe shi ba. Baba ya ɗaure ƙunshinsa a baya, ya naɗe rawani har haɓa, ya hau yana karanto addu'ar hawa abin hawa, ya rungume ni kamar zai karya mini haƙarƙari. Yohanna ya cusa mana dafaffen ƙwai a aljihu ya ce, "In kun faɗi, ku faɗi a kan Bakano, ya fi taushi."

A shataletalen farko na tafka abin kunya. Shekara uku ina tuƙa mota a dama ban taɓa kuskure ba, amma jikina bai taɓa hawa babur ɗin nan ba sai a zamanin hagu. Ina isowa sai hannuna ya karkata da kansa, na bi ta hagu, na tunkari motoci gaba da gaba. Aka ɗau oda ta ko'ina. Wani yalo fifa mai ba da hannu ya busa usur ya daka tsalle gabanmu. Na taka birki ina riƙe da totur kada ya mutu. Ya ce, "Malam, daga wace ƙasa kake?" Kafin in buɗe baki Baba ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Ranka ya daɗe, ba laifin yaron ba ne. Babur ɗin ne yana kwance aka sauya hannu, ba wanda ya gaya masa." Mutumin ya dube mu, ya dubi babur, dariya ta ƙwace masa har usur ya faɗo daga bakinsa. Ya tsayar da motoci ya juya mu, ya ce, "To a gaya masa yau!"

Da muka wuce Kawaji, wadda a lokacin gidajenta ba su da yawa, gonaki ne suka kewaye ta, hanya ta buɗe. Na ƙara giya. A mota, duniya hoto ce a bayan gilashi, na manta cewa a kan babur cikinta kake. Iska mai laima ta cika mini riga, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na hayaƙin girki suna shiga hancina, in mun bi ta kwari sanyi ya taɓa ni, in mun hau tudu ɗumi ya dawo. Ko'ina mutane ne a gona, maza suna sara, mata da yara suna bi suna zuba iri. Wasu samari a kan sababbin baburansu suka wuce mu suna yi mana dariya, amma da kwalta ta ƙare bayan Gezawa muka tarar da su suna ta wutsil-wutsil a cikin yashi, namu kuwa ya sa ƙirji ya ratsa, bugunsa bai ko sauya ba. Baba, wanda tun daga gida salati kawai yake yi, sai na ji ya saki ƙuguna da hannu ɗaya yana ɗaga wa mutane. Ya yi mini ihu a kunne, "Bakatsine! Ashe abin da kake ji ke nan kullum ka bar ni da hayaƙi? Ƙara masa wuta!" Na ƙara. Muna tafe muna ihu kamar yara, dattijo da magidanci. Lallai da tsohuwar zuma ake magani.

La'asar ta yi sanyi sa'ad da muka iso wani rafi da ruwan jiya ya cika, ƙauyen yana hange a gaba, hanya ta gangara zuwa gare shi. Na shiga da ƙarfi, ruwa ya yi tsalle, muna hawa gaɓa babur ya yi tari ya mutu. Na goge fulogi da bakin rigata na mayar. Saura turi, kuma babu kowa kusa, duk suna gona. Baba ya sauka ya dafa, ya yi taku kaɗan gwiwar ta lanƙwashe, ya durƙusa a laka. Ya dubi rana, ta fara ja. Ya ce, "Shi ke nan. Allah bai nufa ba."

Na dube shi, na dubi gangaren. Na ce, "Baba, hau gaba."

Ya ce, "In hau ina?"

"Ka riƙe kan. Ka matse wannan ƙarfen na hagu. In na ce saki, ka saki a hankali. In ya kama, ka sake matsewa ka jira ni. Kada ka murɗa na dama."

"Ni ko keke ban taɓa tuƙawa ba!"

"Ni ma ban taɓa turi ba. Yau kowa zai koyi aikin ɗan uwansa."

Na sa masa giya, na tattare fararen kayan da suka zama ja, na dafa inda hannunsa ya saba dafawa. Sai a ranar na san nauyin abin da dattijon nan yake turawa kowace safiya yana dariya. Na tura har idona ya yi duhu, gangare ya karɓa, na ce, "Saki!" Ya saki. Duf, duf, duf! Na ce, "Matse!" Ina! Tsoro ya sa ya damƙe na dama ya murɗa. Babur ya zabura ya bar ni a ƙasa rub da ciki. Na ɗago kai na hango Baba yana tafiya shi kaɗai, ƙafafu a baje, jelar rawani tana kaɗawa, yana kabbara da iyakar muryarsa. Na bi shi a guje ina ihu, takalmina ɗaya ya tsaya a laka. Mutane suka yar da sungumi suka biyo mu, yara suna ihu, "Ga Baba na birni a kan babur!" Allah da ikonsa, hanyar ta bi ta gefen gonar, kuma ko don jikinsa ya san ta ne, sai ya karkata ya faɗa cikinta. Yashi mai laushi ya riƙe tayoyi, babur ya yi duf na ƙarshe ya kwanta a hankali, Baba ya mirgina gefe.

Na iso ina haki. Na tarar da shi zaune, rawani a wuya, yana dariya har da hawaye. Mai gonar, wani gajeren tsoho, ya ratso taron ya tsaya yana kallon doguwar kunyar da taya ta tsaga a gonarsa. Ya ce, "Malam, na ce a ga saranka, ban ce ka zo da injin huɗa ba." Aka fashe da dariya. Wani ya miƙo sungumi. Baba ya miƙe a kan gwiwar nan mai ciwo, ya yi bisimilla, ya kai sara na farko rana tana saman itatuwa. Jikokinsa suka kawo iri a ƙwarya, na karɓi tawa, yana sara ina zubawa ina rufewa da diddige, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Maƙwabta da suka gama nasu suka shigo suka taya mu. Ba mu gama ba sai washegari da hantsi, amma kafin a kira magariba kowa ya ga gonar tana da mai ita.

Yau babura sun fi mutane yawa a Kano, kowa yana sauri, ban ga mai dariya a kai ba. Ni kuwa tun daga ranar ban sake rufe nawa da buhu ba, na hau shi har ƙarfina ya ƙare, kuma duk safiya sai na nemi mai turi, na kuwa san darajarsa.

Da zan komo, Baba ya ce zai zauna sai an yi noman farko, in gaya wa Hajiya wani ƙanensa zai zo ya riƙe masa ƙofa. Ya rako ni har bakin hanya. Yaran gari suka taru za su tura, ya kore su da hannu, ya tattare riga. Na ce, "Baba, kada ka taɓa. Da ƙyar na biya na baya, za ka buɗe mini sabo."

Ya ce, "Ka ce za ka kawo ni ƙofar gida, ka kawo ni har cikin gona. Na tura ka, ka tura ni. Ba ka bi na, ba na bin ka, duniya da lahira." Ya dafa bayan babur, daidai kan rubutun nan. "Wannan kuwa kyauta ce. Riƙe kanka, Bakatsine. Kuma ka gaya masa dama ake bi."